Gefen badalar Kano: A kafa rumfunan sola kafin a yanka shi shaguna

Duk wanda ya saba bin Titin BUK da tsakar rana, tun daga Sabuwar Ƙofa, ya bi ta Ɗan'agundi da Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya har ya dangana da Kabuga, ya san abubuwa biyu da ba sa rabuwa da wannan hanya. Na farko rana ce, wadda a watannin Maris da Afrilu take dukan kwalta har mutum ya riƙa ganin kamar tururi na tashi a gabansa. Na biyu kuwa rurin janareta ne, wanda ke fitowa daga shaguna da gidajen da ke ɓangarorin titin biyu ba dare ba rana. Tsakanin kwaltar da abin da ya rage na badala akwai wani siririn fili da ke bin titin. A wani wurin ya yi faɗi, a wani wurin ya tsuke, a wani wurin kuma gini ya riga ya cinye shi. A kan wannan fili nake so mu tattauna yau, domin ina ganin idan aka yi masa kyakkyawan tsari zai iya juya ranar nan ta zama wutar lantarki ga mutanen cikin gari. Idan kuwa aka ci gaba da kallonsa a matsayin filin banza, to ƙarshensa shaguna ne, kamar yadda aka yi wa 'yan'uwansa.

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, bari in fara da yadda muke magana a kan wutar kanta. Bahaushe yakan ce “an kawo wuta,” ko “an ɗauke wuta.” A nahawun Hausa, wannan “an” ita ake amfani da ita idan mai magana bai san wanda ya aikata abu ba, ko kuma bai ga amfanin ambatonsa ba. Ke nan a zukatanmu wuta wata aba ce da wasu mutane da ba mu sani ba suke aiko mana daga wani wuri mai nisa in sun ga dama, su janye ta in sun ga dama, mu kuwa namu shi ne jira. Hatta sunan mai kawowar ba mu damu mu sabunta ba: tun 2005 aka mayar da NEPA ta zama PHCN, a 2013 kuma rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun kamfanin KEDCO, amma har gobe in ƙwai ya kama a lungu, “NEPA!” yara ke ihu.

Abin da ya faru a watan Oktoba na 2024 ya nuna mana hatsarin wannan jira. An lalata babban layin wuta da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir da aka koma dogaro da shi ya samu matsala, sai ga mafi yawan jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. A Kano ruwan garuwa ya yi tsada saboda rijiyoyin burtsatse sun tsaya, ƙanƙara ta zama sai wane da wane, masu cajin waya suka ɗaga farashi. Hakan kuma ya zo ne a lokacin da janareta ya daina zama mafita ga talaka, domin tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 ta yi ta hawa har ta haura Naira 1,000 a 2024. Daɗin daɗawa, a watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. Tela da mai niƙa da mai walda a cikin gari sun wayi gari tsakanin wutar da ba ta zuwa da man da ba ya sayuwa.

Alhali kuwa samar da wuta daga hasken rana ba baƙon abu ba ne a Kano. A 2018 aka fara haɗa wa shagunan Kasuwar Sabon Gari wutar sola ƙarƙashin wani shiri na Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, wato REA. A watan Satumba na 2019 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da tasha mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, wadda ta haɗa farantan sola da batura da injina. A watan Janairu na 2023 kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar sola mai megawat 10 a yankin masana'antu na Challawa, Ƙaramar Hukumar Kumbotso, wadda hukumar NSIA ta gina. Sai dai mai karatu zai lura cewa duk waɗannan ayyuka a wajen badala suke, kuma dalilin a fili yake. Tashar Kumbotso kaɗai ta ci hekta 24, wato fiye da filin ƙwallo 30. Ina za a samo irin wannan fili a Mandawari ko Yakasai ko Gwammaja?

Wani zai ce ai kowa sai ya ɗora a kan rufinsa, kamar yadda ake yi a Nassarawa da Bompai da sabbin unguwanni. Gaskiya ne masu hali sun yi hakan, kuma sun huta. Amma gidan cikin gari ba irin gidan sabuwar unguwa ba ne. Galibi gidan gado ne, mai iyalai biyar ko shida, kowa da sashensa, rufin kuma ba na mutum ɗaya ba ne balle ya yanke hukunci a kansa. Wani rufin soro ne na azara da ƙasa, wani tsohon kwano ne da ba zai ɗauki nauyi ba, wani kuma benen maƙwabci ya tare masa rana. Ga shi mafi yawan masu sana'a haya suke a shagunansu. Saboda haka in aka bar maganar sola ga rufin kowa, to an bar ta ga masu kuɗi, mutanen lungu kuma za su ci gaba da jiran a kawo. Filin da ya rage wanda yake na kowa da kowa, ga rana na dukansa tun safe har yamma, ga shi kuma a bakin unguwannin da ke buƙatar wutar, shi ne gefen titunan da suka zagaye birni.

Wasu ƙasashen sun daɗe da farga da amfanin irin wannan fili. Tun a 1989 Suwizalan ta liƙa farantan sola a jikin katangar rage ƙarar motoci a kan babbar hanyar A13, kusa da garin Chur. A 2008 jihar Oregon ta Amurka ta kafa faranti 594 a wani fili da ke tsakiyar mahaɗar manyan hanyoyi biyu, domin rage kuɗin fitilun mahaɗar. Jamus ta shigar da abin cikin doka: tana ba da tallafi ga tashoshin solar da aka kafa a gefen manyan hanyoyi da layin dogo, ta kuma faɗaɗa iyakar daga mita 110 zuwa 200 a 2021, sannan zuwa 500 a 2023. A Koriya ta Kudu, tsakanin biranen Daejeon da Sejong, an yi hanyar kekuna a tsakiyar babban titi aka rufe samanta da farantai, masu keke na tafiya a inuwa, wuta na fita a kansu. A jihar Gujarat ta Indiya, a 2012, a saman magudanar ruwan noma aka shimfiɗa farantan megawat 1, ba a taɓa gonar kowa ba. Faransa kuwa ta yi doka a 2023 da ta wajabta wa manyan wuraren ajiye motoci su rufe aƙalla rabin filinsu da rumfunan sola.

Akwai kuma inda aka gwada aka sha ƙasa, wanda shi ma darasi ne. A watan Disamba na 2016 Faransa ta buɗe wani titi mai tsawon kilomita 1 a ƙauyen Tourouvre na yankin Normandi, inda aka shimfiɗa farantan a kan kwaltar kanta, motoci na bi ta kai. Aikin ya ci kusan Yuro miliyan 5. Ba a yi shekara uku ba farantan suka fara farfashewa, datti ya rufe su, wutar da suke bayarwa ta kasa kai abin da aka yi alkawari. Wannan ya koya wa duniya cewa gefen titi da samansa su ne wurin sola. Na kawo wannan misali ne saboda mu mutane ne masu son abin da ke da ban mamaki a ranar buɗewa, kuma ba mamaki wata rana wani ɗan kwangila ya zo mana da irinsa.

To amma kafin mu kwaso dabarar Turawa mu sauke a bakin Ƙofar Na'isa, akwai bambanci guda da ya wajaba mu tsaya a kansa. Gefen babbar hanya a Jamus ko Oregon ciyawa ce kawai, babu mai zama a wurin. A Kano ba haka abin yake ba. Wanda ya sauka daga mota ya taka da ƙafa zai tarar da masu sayar da furanni da dashen itatuwa, da mai faci da injin iskarsa, da mai shayi, da masu wankin mota, da 'yan adaidaita sahu da ke jiran fasinja, da yara masu buga ƙwallo da yamma. Wanda ke zaune a ofis yana duban taswira shi ne ke ganin fili babu kowa. A nan ne kalmar “filin banza” take da hatsari, domin duk wanda ya kira wuri da wannan suna ya riga ya share hanyar korar waɗanda ke cin abinci a wurin. In aka zo aka kewaye gefen titi da waya aka jera farantai a ƙasa kamar yadda aka yi a Kumbotso, za a samu wuta, amma za a raba ɗaruruwan magidanta da abincinsu, kuma su ne za su zama abokan gabar aikin na farko.

Magabatanmu ba su san filin banza a cikin birni ba. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwar Kano a farkon ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka sake faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Da Baturen nan Hugh Clapperton ya zo Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba. Saura gonaki ne da lambuna. Da gangan aka yi haka, domin in maƙiya suka yi wa birni ƙawanya, mutane su samu abin da za su ci da inda dabbobi za su yi kiwo. Kududdufan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini su ma suna da aikinsu, su ne ke shanye ruwan damina. Hausa tana da suna ga irin wannan fili da aka keɓe don amfanin jama'a aka hana kowa mallakarsa: hurumi. Abin da ya same mu a Oktoban 2024 ƙawanya ce irin ta wannan zamani, kuma ta same mu ba mu keɓe wa wuta ko taku ɗaya na hurumi ba.

Maimakon haka, mun shafe shekaru muna cin badalar da gefenta. Sunaye irin su Hauren Shanu da Hauren Wanki shaida ne cewa tun da can akan samu wurin da ganuwa ta zube mutane su riƙa haurawa, amma abin da ya biyo baya ya wuce haure. An ɗebi ƙasarta an yi gini, an cike kududdufai an yanka fulotai, an jingina shaguna da jikinta. Duk da cewa tana cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare, kuma tun 2007 Najeriya ta sa ta a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, hakan bai hana ba. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnatin jiha ta rushe gine-gine a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, ta shafa wa wasu jan fenti a Titin BUK, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne aka sayar ba bisa ƙa'ida ba. Masu gine-ginen kuma suka ce da takardun hukuma suka saya, suka garzaya kotu. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, abu guda ya fito fili: wata gwamnati ta yanka, wata ta rushe, dukiya ta salwanta, filin kuma ya koma yana jiran mai yanka na gaba. Fili a Kano ba ya tsira don an rubuta cewa kada a taɓa shi. Yana tsira ne in yana da aikin da jama'a ke mora, wanda za su tashi tsaye in aka zo taɓawa.

Shawarata ita ce a bar ƙasa ga masu ita, a ɗauki sama. A kafa rumfuna na ƙarfe masu tsayin da mutum da adaidaita sahu za su shige ƙarƙashinsu a sake, rufinsu ya zama farantan sola, ba katanga, ba ƙofa, ba ɗaki. Mai faci da mai shayi su ci gaba da zama inda suke, sai dai yanzu a inuwa, masu tafiya a ƙafa da masu jiran mota su ma su samu mafaka. Rumfa ba baƙuwar aba ba ce a wurin Bakano. A ƙarƙashinta aka yi ciniki a Kurmi shekaru aru-aru. Yanayin wurin ma ya taimaka. Kano tana kimanin digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka farantai kan so a ɗan karkata su su fuskanci kudu. Titin BUK kuwa ta kudu yake bin badala daga Sabuwar Ƙofa zuwa Gadon Ƙaya, ke nan rufin da ya fuskanci kudu zai zubar da ruwan sama ne wajen kwatar titi, nesa da ginin ƙasa, wanda ba shi da maƙiyi kamar ruwa.

Bari mu yi ɗan lissafi don kada maganar ta zama mafarki. Farantan wannan zamani kan ba da kimanin wat 200 a kowane murabba'in mita in rana ta take. Rumfa mai faɗin mita 5 da tsawon kilomita 1 tana da murabba'in mita 5,000, wato megawat 1 ke nan a takarda. Mu zubar da rabi saboda ƙofofi da mahaɗar tituna da itatuwa da wuraren da bai kamata a taɓa ba, a bar mu da kilowat 500. A irin ranar Kano kowane kilowat kan samar da yunit 4 zuwa 5 a yini, wato sama da yunit 2,000 ke nan kullum daga kilomita guda. Gidan da ke da ƙwayayen fitila da fankoki da talabijin da ƙaramin firji yakan ci kimanin yunit 5, don haka ana maganar gidaje 400. In kuma rijiyoyin burtsatse aka ba, injin kilowat ɗaya da rabi da ke aiki awa 6 yana cin yunit 9, ke nan sama da rijiyoyi 200. Wannan ba zai magance matsalar wutar Kano ba, wadda buƙatarta ta kai ɗaruruwan megawat, kuma duk wanda ya ce zai magance yaudara yake yi. Amma ga unguwar da ke bayan wannan kilomita, shi ne bambanci tsakanin yinin aiki da yinin zaman banza.

Wa ya kamata a fara ba? A ganina masu aikin rana: teloli da masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara, da rijiyoyin unguwa, da ƙananan asibitoci da makarantu. Dalili shi ne batir na cikin abubuwan da suka fi tsada a harkar sola, shi ne kuma ke riga komai mutuwa, musamman a irin zafinmu. Wutar da aka samar da ƙarfe 12 na rana aka yi amfani da ita nan take ba ta buƙatar ajiya, don haka ta fi arha nesa ba kusa ba. Sannan waɗannan mutane sun riga sun saba biyan kuɗin mai kullum. Abin da ake nema kawai su mayar da wani ɓangare na kuɗin zuwa mita mai kati. In aikin ya tsaya da ƙafarsa, sai a ƙara batura don fitilun lungu da gidaje da dare.

Matsaloli fa akwai su, kuma gara a faɗe su tun yanzu. Ta farko ƙura ce. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ƙurar hunturu kan lulluɓe komai, ga kuma wadda motoci ke tayarwa duk shekara. Farantin da ba a gogewa ƙarfinsa raguwa yake yi, don haka dole a sa kuɗin masu wanki da ruwan wankin a cikin lissafi tun daga farko, a kuma ɗauki matasan unguwar su yi. Ta biyu zafi: ƙarfin faranti kan ragu da kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri da zafinsa ya haura 25, kodayake rumfar da iska ke ratsa ƙarƙashinta ta fi rufin kwano sauƙi a wannan fanni. Ta uku sata. Duk mun ga fitilun sola na kan titi a garuruwanmu da suka yi shekara ɗaya ko biyu suna haske, daga nan aka cire baturansu ko suka mutu babu mai gyara. Abin da ya kashe su shi ne rashin mai su. Rumfar da mutum ashirin ke neman abinci a ƙarƙashinta, wadda kuma wutar shagunan bayanta ta dogara da ita, tana da masu gadi tun kafin a ɗauki ko ɗaya.

Matsala ta huɗu ita ce badalar kanta, kuma a nan ne ya kamata a fi taka-tsantsan. Bai dace don neman wuta mu rufe fuskar abin da ya rage mana na tarihi da ƙarfe da gilashi ba. Inda ganuwa ke tsaye da kyanta, da kewayen kowace ƙofa, a bar su sarari yadda mai wucewa zai gan su. A kai rumfunan inda badala ta riga ta shafe, da ɗaya ɓangaren titi, da tsakiyar tagwayen hanyoyi inda faɗi ya ba da dama. Kada a haƙa ramin ginshiƙi ko ɗaya kusa da gindinta ba tare da amincewar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa ba. Kada a sare dalbejiya ko ɗaya, domin inuwar itace ta riga ta rumfa zuwa. Kada kuma a cike kududdufi da sunan neman wurin kafa farantai, don duk kududdufin da aka cike, ruwansa a ɗakin wani zai kwana da damina.

Matsala ta biyar ita ce wadda ta fi ba ni tsoro, wato kada “aikin sola” ya zama sabon sunan yanka fili. Mun san yadda ake yi: yau rumfa, gobe a ja mata bulo uku, jibi a sa ƙofa, gata a fito da takarda. Maganin wannan shi ne doka tun kafin a kafa ƙarfe ko ɗaya. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora amanar filayen birni a hannun gwamna, don haka gwamnatin jiha na da ikon ayyana wannan zirin a matsayin hurumi, Majalisar Dokoki ta tabbatar da shi, hukumar KNUPDA ta auna shi ta wallafa taswirar kowa ya gani. Duk kamfanin da zai zuba jari hayar sama za a ba shi na wasu shekaru ƙayyadaddu, ba takardar mallakar ƙasa ba, da sharaɗin cewa ranar da aka ga bulo a ƙarƙashin rumfa hayar ta warware. A rubuta sunayen masu sana'ar da ke wurin tun kafin a fara, a hannun masu unguwanni da dagatai, don kada a wayi gari a ga baƙin fuska sun gaje inuwar.

Ta fuskar wutar kuwa, hanya a buɗe take. Gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 da Dokar Wutar Lantarki da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar sun ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Ƙa'idojin ƙananan tashoshi da NERC ta fitar a 2016 ta kuma sabunta a 2023 sun tanadi yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku, wato mai zuba jari da al'ummar wuri da kamfanin rarraba wuta, ta yadda za a yi amfani da wayoyi da turakun da ke nan maimakon jan sababbi. Kuɗin ma ba lallai su fito daga aljihun gwamnati ba. Farashin farantai ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na iya haɗa hannu, attajiran da ke haƙa wa unguwanni rijiyoyi kuma na iya yin wakafin rumfar da za ta riƙa tayar da injinan rijiyoyin.

Ba na kira a zagaye birni da ƙarfe cikin shekara guda. A fara da wuraren da babu jayayya a kansu, kamar tashoshin mota da wuraren ajiye motoci na kasuwannin Ƙofar Wambai da Ƙofar Ruwa. Daga nan a zaɓi rabin kilomita a Titin BUK, inda badala ta riga ta shafe, a gwada na tsawon shekara biyu, hunturu biyu da damina biyu. A ba sassan injiniya na jami'o'inmu aikin auna yawan wutar da ake samu da abin da ƙura ke ragewa da abin da aka kashe, a riƙa wallafa alƙaluman kowane wata uku. In ya yi kyau a ƙara, in bai yi ba a kwance ƙarafan a kai wani wuri, filin yana nan yadda yake. Wannan ita ce falalar rumfa a kan gini: ana iya janye ta ba tare da katafila ba.

Daga ƙarshe, kirana ga 'yan majalisar da ke wakiltar Birni da Dala da Gwale, da Masarautar Kano, da injiniyoyinmu da masu tsara birane, shi ne su ɗauki wannan magana tun filin yana nan, domin kowace shekara raguwa yake yi, kuma wanda aka gina ba ya dawowa sai da rigima da asara. Waɗanda suka gina badala sun bar wa birni wurin noma abincinsa saboda ranar da za a rufe ƙofa. Abin da ya rage mana na wannan gado ɗan ziri ne a gefen kwalta. In muka ba shi aiki, watakila yaran Ƙofar Na'isa su taso suna cewa “wutarmu,” in muka bar shi kuwa za mu ci gaba da zama a duhu muna tambayar juna ko an kawo. Allah ya sa mu dace.